Wuta da Tukunya: Zanen Hawan Zafi da Sauyin Kamar Abubuwa

Gabatarwa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani da Hausa a kan wani darasi guda na kimiyya wanda kowane ɗalibin sakandare yakan gamu da shi, watau zanen da ke nuna yadda zafin abu yake hawa idan an ɗora shi a kan wuta, da yadda abin yake sauya kama daga daskararre zuwa narkakke, daga narkakke kuma zuwa tururi. Galibi da Turanci ake koyar da darasin. Ɗalibi ya haddace shi, ya zana shi ranar jarrabawa, ya fito ya manta. Alhali kuwa babu wani gida a Kanya Babba, ko Babura, ko Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, da ba a gudanar da wannan gwaji a cikinsa sau biyu ko sau uku kowace rana, domin duk inda aka ɗora tukunya a kan murhu, to, an soma shi ke nan.

Tambayar da laccar za ta bi diddiginta guda ɗaya ce. Idan ruwa ya riga ya tafasa, sa'an nan aka ƙara iza wuta, ina zafin da aka ƙara yake tafiya? Tambaya ce mai kama da wasan yara, amma malaman Turai ba su sami amsarta ba sai a ƙarni na 18, kuma a kan amsar ne ake iya lissafa itacen da ake ƙonawa a banza a ƙasar da itatuwanta suke raguwa.

Gyaran Kalmomi

Kafin a shiga gwaji, ya kamata a warware wani ƙulli na harshe. Bahaushe yana amfani da kalmar zafi a wurare biyu da kimiyya ta rarrabe. Idan aka ɗebi ruwa cikin cokali daga tafasasshiyar tukunya, ruwan cokalin da na tukunyar tsananin zafinsu ɗaya ne, kowanne zai ƙona yatsa. Amma idan aka juye cokalin a cikin bokitin wanka, babu abin da zai sauya, in kuwa tukunyar aka juye, ruwan wankan ya yi ɗumi. Ashe ke nan tsananin zafi dabam, yawan zafi dabam.

Saboda haka a cikin wannan lacca za a kira na farkon matakin zafi, watau abin da ma'aunin zafi yake nunawa, wanda ake ƙidayawa da digiri. Ma'aunin da aka saba da shi ya samo sunansa daga Anders Celsius, mutumin Suwidin, wanda ya tsara shi a 1742. Shi a nasa tsarin 100 ne wurin daskarewar ruwa, 0 kuma wurin tafasa, sai bayan rasuwarsa aka juya lambobin suka koma yadda aka san su yau. Na biyun kuwa za a kira shi yawan zafi, watau adadin kuzarin da ya fita daga wuta ya shiga cikin abu, kuma ana ƙidaya shi da kilojul, sunan da aka ciro daga na James Joule na Ingila. Kalmar makamashi an bar ta ga abin da ake ƙonawa, kamar itace da gawayi da kara da kananzir.

Ta fuskar sauyin kama, Hausa ba ta bukatar aro. Akwai narkewa da daskarewa da sandarewa, akwai tafasa da ɓararraka da zabalbala, akwai ƙafewa da tsotsewa, akwai tururi da raɓa da naso da gumi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da gurbinta a cikin zanen da za a bayyana.

Gwajin da Zanen

A ɗauki ƙanƙara kilo 1, irin wadda ake sayarwa a kasuwa da bazara, wadda ta fito daga firji tana kan digiri 20 ƙasa da sifiri. A farfasa ta, a zuba a tukunya, a soka ma'aunin zafi a ciki, a ɗora a kan murhun lantarki wanda wutarsa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Domin sauƙin lissafi, a ƙaddara cewa kilojul 42 ne yake shiga tukunyar kowane minti, kuma babu abin da yake zurarewa. Kowane minti a duba ma'aunin, a rubuta. Daga ƙarshe a ja layi biyu a takarda, na kwance ya zama lokaci, na tsaye ya zama matakin zafi, a ɗiga lambobin, a haɗa ɗigogin. Abin da zai fito shi ake kira zanen hawan zafi.

Mai hankali zai zaci layin zai miƙe ne sama ɗoɗar, tun da wutar ba ta tsaya ba. To, ba haka yake fitowa ba. Ya fi kama da tafiyar fatake, a yi tafiya, a yada zango, a sake tafiya, a sake yada zango. Kashi biyar ne.

Na farko, ƙanƙarar tana nan a daskare, ma'auni yana hawa daga 20 ƙasa da sifiri zuwa sifiri. Wannan minti 1 kacal yake ɗauka.

Na biyu, ma'auni ya tsaya cik a kan sifiri. Wuta tana ci, ƙanƙara tana narkewa, ruwa yana taruwa, amma lambar ba ta motsa ba har sai gutsuren ƙarshe ya narke, muddin ana motsa tukunyar. Wannan shi ne zangon narkewa. Yana cin kilojul 334, watau kimanin minti 8.

Na uku, ruwa ne zalla, ma'auni ya sake kama hawa daga sifiri zuwa 100. Kowane digiri yana bukatar kilojul 4.2, jimla 420, watau minti 10.

Na huɗu, ruwa ya tafasa, ma'auni ya sake tsayawa. Wannan shi ne zangon tafasa, kuma shi ne mafi tsawo nesa ba kusa ba. Kafin ruwan ya ƙafe ƙarƙaf sai ya sha kilojul 2,260, watau kimanin minti 54.

Na biyar, idan an tare tururin a cikin rufaffen mazubi aka ci gaba da gasa shi, ma'auni zai sake hawa ya wuce 100.

A lura da lissafin. Daga ɗora tukunya zuwa ƙafewar ruwa minti 73 ne, amma a cikinsu minti 62 ma'auni a tsaye yake. Watau mafi yawan wutar da aka kashe ta shiga ne ba tare da ta ƙara wa tukunyar ko digiri ɗaya ba. Mai da tafasasshen ruwa tururi ya ci wuta fiye da ninki 5 na abin da aka kashe wajen kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa.

Akwai ɗan gyara da ɗalibi zai gani idan ya yi gwajin a gida. Digiri 100 na bakin teku ne, inda nauyin iska ya fi yawa. Duk hawan mita 300 sama da teku yana rage wurin tafasa da kimanin digiri 1. Ƙasar Kazaure da Babura tana bisa teku da wajen mita 400 zuwa 500, saboda haka ruwa yana tafasa a can tsakanin digiri 98 da 99. A Jos, inda tudun ya kai wajen mita 1,200, kusan 96 ne. Ɗalibin da ma'auninsa ya tsaya a 98 da ɗoriya kada ya goge ya rubuta 100 don tsoron malami, ma'aunin ne ya faɗi gaskiya.

Abin da Ke Faruwa a Ciki

Kowane abu a duniya tarin ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani, kuma ba sa daina motsi. A 1827 Robert Brown, masanin tsirrai, ya hangi wasu ƙananan ɓurɓushi da suka fito daga garin fure suna ta karkarwa a cikin ruwa ta madubin ƙara girma, bai san dalili ba. A 1905 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa ƙwayoyin ruwan ne suke bangazar su ta kowace fuska, sa'an nan Jean Perrin na Faransa ya tabbatar da lissafin ta hanyar gwaji daga 1908. Matakin zafi ba kome ba ne face awon matsakaicin kuzarin wannan motsi. In ƙwayoyi sun ƙara sauri ma'auni ya hau, in sun rage ya sauka.

To, amma ƙwayoyin suna kuma jan juna, kuma wannan jan shi ne yake riƙe abu wuri ɗaya. Misalin garken shanu zai kusantar da maganar. Daskararren abu kamar shanu ne a turke, kowace saniya tana juyi tana kaɗa kai, amma ba ta barin gurbinta. Narkakken abu kamar shanun ne bayan an kwance su suna cikin shinge, suna gogayya, wannan ta wuce waccan, amma har yanzu a cunkushe suke. Tururi kuwa kamar an buɗe shingen ne sun fantsama daji, kowace ta kama gabanta.

Da wannan misali zanen ya fito fili. A wuraren hawa, kuzarin wuta yana ƙara wa ƙwayoyi sauri, shi ya sa ma'auni yake hawa. A wuraren zango, kuzarin yana tafiya ne wajen kwance ɗaurin da ke tsakaninsu, saurin yana nan yadda yake, shi ya sa ma'auni ba ya motsi. Narkewa sassauta ɗaurin ne kawai, ƙwayoyin suna nan jikin juna, don haka zangonta gajere ne. Tafasa kuwa raba su ne baki ɗaya, har ruwa lita 1 ya zama tururi mai cika wurin lita 1,700, ƙwayoyinsa suna gudun fiye da mita 600 a sakan ɗaya, don haka zangonta ya yi tsawo.

Wannan kuzari da ya shiga ma'auni bai gan shi ba, shi ake kira ɓoyayyen zafi. Wanda ya fara gano shi shi ne Joseph Black, malami a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sukotlan, wajen 1761. Hujjarsa daga ƙasarsu ya ɗauko ta. Ya lura cewa da ɗan ƙarin zafi kaɗan ya isa narkar da ƙanƙara, da duk dusar ƙanƙarar da ta taru a kan duwatsu da sanyi ta narke lokaci ɗaya ranar da iska ta fara ɗumi, ambaliya ta share ƙasa. Amma makonni take yi tana narkewa a hankali, domin sai ta sha zafi mai yawa tukuna. A jami'ar nan ce kuma James Watt yake aikin gyaran kayan awo, kuma a 1765 ya gano dabarar da ta rage ɓarnar tururi a injin, wadda ta taimaka wajen bunƙasar masana'antun Ingila.

Ɓoyayyen zafi ba ya ɓacewa, ajiya ce. Ranar da tururi ya koma ruwa, ko ruwa ya koma ƙanƙara, sai ya mayar da abin da ya karɓa cif-cif. Idan aka bi zanen daga dama zuwa hagu, shi ne zanen saukar zafi, zangonsa biyu suna nan a wurarensu.

Shaidu daga Madafa da Maƙera

Yanzu sai a koma gida a ga inda Bahaushe ya riga ya san waɗannan abubuwa da hannu da kunne, ko da bai ba su suna ba.

Shaida ta farko ita ce suyar man shanu. Ɗanyen man da Fulani suke kawowa kasuwa akwai ruwa a cikinsa. In an ɗora shi a wuta sai ya narke, sa'an nan ya kama ƙara da kumfa. Muddin ƙarar tana tashi, ruwan ne yake tafasa, man yana zango kusa da digiri 100, ba zai ƙone ba. Da zarar ƙarar ta lafa, ruwa ya ƙare ke nan, zango ya tashi, zafi ya kama hawa da sauri, in ba a sauke ba man ya yi baƙi. Uwargida da kunne take gane ƙarshen zangon, ba ta bukatar ma'auni. Haka nan man gyaɗa a kaskon ƙosai yakan kai digiri 170 zuwa 180, shi ya sa in ɗigon ruwa ya faɗa ciki yake zama tururi nan take ya fallatsa mai.

Har wa yau man shanu da man kaɗe suna koyar da wani abu. Ba sa narkewa a kan lamba guda kamar ƙanƙara. Sukan yi laushi tukuna, su yi ruwa-ruwa, sa'an nan su narke, domin gaurayen mai ne iri-iri, kowanne da wurin narkewarsa. Ƙa'idar ita ce, tsantsar abu zangonsa a shimfiɗe yake sosai, gauraye kuwa zangonsa a karkace. Da wannan ne masu harhaɗa magunguna suke gane ko hoda tsantsa ce ko an yi mata algus.

Shaida ta biyu ita ce mazarƙwaila, wadda aka san ƙasar Zazzau da ita, musamman Maƙarfi. Ruwan rake yana fara tafasa ne kusa da wurin tafasar ruwa, amma yayin da ruwan yake ƙafewa sukarin yana yin kauri, wurin tafasar yana ta hawa, har ya kai wajen digiri 115 zuwa 120, inda ake saukewa a zuba ta daskare. In an sauke da wuri ba za ta kama ba, in an makara ta ƙone. Mai dafawa yana duban kauri da launi da yadda kumfa take fashewa, waɗannan su ne lambobin ma'auninsa.

Shaida ta uku tana maƙera. Hausawa sun raba maƙera gida biyu, maƙeran fari da maƙeran baƙi, kuma rabon ya yi daidai da jerin wuraren narkewa. Kuza tana narkewa a digiri 232, dalma a 327, alminiyam a 660, azurfa a 962, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085. Duk waɗannan wutar gawayi da zugazugi tana iya narkar da su, shi ya sa maƙerin fari yake zubi, kamar yadda masu zubin tukwanen alminiyam suke yi a kasuwanni. Baƙin ƙarfe tsantsa kuwa sai digiri 1,538, saboda haka maƙerin baƙi ba ya kai shi zango. Yana gasa shi ne ya yi ja ya yi laushi, ya ɗora a kan uwar maƙera ya daka da masaba. Ko masu fitar da ƙarfe daga tama a zamanin da, kamar waɗanda aka sami alamun aikinsu a Dutsen Dala, kashin maƙera ne yake narkewa ya tsiyaye a wutarsu, ƙarfen ya rage a dunƙule.

Shaida ta huɗu ita ce madambaci. Dambu ba ya taɓa ruwa, tururi ne yake dafa shi. Tururin yana ratsa tsakin, ya koma ruwa a jikinsa, ya sauke masa ajiyar nan ta kilojul 2,260 a kowane kilo. Wannan dalili ne kuma ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, ko da yake matakin zafinsu ɗaya ne. Masu yi wa yara da tsofaffi sirace ya kamata su san haka.

Shaida ta biyar ita ce randa. Ruwa ba sai ya tafasa yake zama tururi ba. A kowane mataki na zafi akwai ƙwayoyin da suka fi 'yan'uwansu sauri, kuma su ne suke kuɓucewa daga saman ruwa. In masu sauri sun tafi, matsakaicin saurin na baya ya ragu, watau ruwan ya yi sanyi. Randar ƙasa tana naso, nason yana bushewa, yana kwashe ɓoyayyen zafinsa daga ruwan ciki. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi da rani sa'ad da iska take a bushe, da damina kuwa sanyin ya ragu. Gumin jikin mutum ma aikinsa ke nan. A kan wannan ƙa'ida ce Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, domin adana tumatir da gauta da ganye a ƙauyukan da babu lantarki. Aikin ya samo masa kyautar Rolex a 2000.

Zangon narkewa ma yana da nasa amfanin. Ƙanƙara a kan sifiri ta fi ruwa a kan sifiri sanyaya zoɓo, domin kowane kilo sai ya zuƙe kilojul 334 kafin ya narke, adadin da zai ɗaga ruwa kilo 1 da digiri 80. Ma'aikatan lafiya da ke kai allurar riga-kafi ƙauyuka a cikin akwatin sanyi da wannan zango suka dogara. Muddin akwai sauran ƙanƙara a ciki sanyin yana nan, in ta narke duka zafi ya kama hawa.

Lissafin Itace

A nan ne darasin ya fita daga aji ya shafi aljihu da ƙasa. Ƙasar Babura tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, ruwan sama kaɗan ne, kuma galibin gidaje da itace da kara suke girki. A ɗauki misalin uwargida a Kanya Babba ta ɗora wake. Tukunya ta tafasa, baƙi suna jira, sai ta ƙara iza wuta don ya yi saurin nuna. Zanen ya nuna cewa tukunyar tana zango. Ruwan da ke ɓararraka da wanda ke tafasa a hankali matakin zafinsu ɗaya ne, kuma abin da ke dafa wake shi ne matakin zafi da tsawon lokaci. Itacen da aka ƙara bai rage ko minti ɗaya ba. Ya tafi ne wajen mai da ruwa tururi, ruwan ya ƙafe, a ƙara na sanyi, tukunya ta koma baya, a sake jiran tafasa.

Ana iya ƙiyasta ɓarnar. Busasshen itace kilo 1 yana ɗauke da wajen kilojul 16,000, amma a murhun duwatsu uku abin da yake shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba, watau kimanin 2,400. Ashe ke nan duk lita 1 ta ruwa da aka ƙafar a banza ta ci kusan kilo 1 na itace. Gidan da yake yin haka sau ɗaya kowace rana ya ƙone fiye da kilo 300 a shekara ba tare da an ci kome da shi ba. A ninka wannan da yawan gidajen gari guda, sa'an nan a dubi makarantun kwana da asibitoci inda ake girki da manyan tukwane.

Maganin kuwa ba ya bukatar kuɗi. In tukunya ta tafasa a janye itace, a bar abin da zai riƙe tafasar kawai. A rufe tukunya, domin tururin da ya taru a jikin murfi ya koma ruwa yana mayar da ajiyarsa. A guji ɗanyen itace, domin sai wuta ta ƙafar da ruwan cikinsa kafin ta waiwayi tukunya. A jiƙa wake tun da dare. Kanwar da ake jefawa tana tausasa waken ne ta hanyar aikinta a jikinsa, ba ƙara zafi take yi ba, haka kuma gishiri, domin sai an zuba wajen giram 58 a lita 1 kafin wurin tafasa ya ɗaga da digiri 1. Hanya guda ta ɗaga zangon sosai ita ce tukunya mai kulle tururi, wadda take kai ruwa wajen digiri 120, shi ya sa take dafa wake da ganda cikin ɗan lokaci.

Amma fa a yi adalci, akwai inda babbar wuta take da hujja, watau inda ƙafar da ruwan shi ne abin nema, kamar a miyar da ake so ta yi kauri, ko a mazarƙwaila. A can ba makawa sai an biya kuɗin zangon. Fataken gishiri sun san bambancin tun da daɗewa, domin gishirin Bilma rana ce take ƙafar da ruwansa kyauta, na Manga kuwa dafa shi akan yi, ya ci makamashi mai yawa.

Kammalawa

An ga cewa zanen hawan zafi hawa uku ne da zango biyu. A wurin hawa wuta tana ƙara wa ƙwayoyi sauri, a wurin zango tana kwance ɗaurinsu, kuma abin da aka kashe a zango yana nan a ajiye har ranar da abin zai koma kamarsa ta farko. Amsar tambayar da aka fara da ita ke nan: zafin da aka ƙara wa tafasasshiyar tukunya tururi ne yake tafiya da shi.

Saura maganar harshe. Rubuta kimiyya da Hausa ba sabon abu ba ne, domin tun 1949 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da littafin Ikon Allah a kan halittu da al'amuran duniya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwajin koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci a Ife, har da lissafi da kimiyya, kuma manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta yarda da harshen uwa a azuzuwan farko. Yankin da ake magana a kansa ba ya rasa inda za a yi aikin, ga Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021.

Abin da ake bukata daga malamin kimiyya shi ne ya fara darasin da man shanu da randa kafin ya je allo, ya kuma bar ɗalibi ya maimaita bayanin da Hausa, domin wanda ya iya fassara abu ga kakarsa shi ne ya gane shi. Daga malamin Hausa ana bukatar ya zauna da masana kimiyya a daidaita kalmomi, kada kowace makaranta ta ƙirƙiro nata. Daga ma'aikatan gona da gandun daji da lafiya kuwa, ana bukatar su sa wannan lissafi cikin abin da suke kai wa ƙauye, domin dashen bishiya rabin aiki ne in ba a rage ƙonawa ba. Ma'aunin zafi guda da tukunya guda sun isa a nuna wa taron mata a ƙofar gidan mai unguwa cewa lambar ba ta motsawa kome yawan itacen da aka iza. Gani ya kori ji.